Yadda ake yaɗa ɗumin murhun itace cikin gida da fanka

A ƙasashen da sanyi ke kai ruwa ga daskarewa, irin su Kanada, arewacin Amurka, Suwidin, Finlan da karkarar Ingila, gidaje da yawa suna ɗumama ɗaki da murhun itace. Ba murhun girki ba ne. Akwatin ƙarfe ne rufaffe, mai ƙofar gilashi da bututun hayaƙi da ya huda rufi ya fita waje, kuma na gidan talaka yakan ba da zafin kilowat 5 zuwa 12. Kukan masu shi iri ɗaya ne ko'ina: falon da murhun yake ya kai digiri 28 har ana tuɓe riga, ɗakin kwana kuwa yana 15, yara na ƙudundune cikin bargo. Abin da kowa ke fara yi shi ne ya sayo ƙatuwar fanka, ya kafa ta kusa da murhu, ya juya fuskarta zuwa ɗakunan. Sai hayaniya ta cika gida, ɗakunan kuma ba su ko motsa ba.

Gyaran yana cikin juya fankar ne. Iskar sanyi ake turawa zuwa wajen murhu, ɗumi kuma shi zai kai kansa ɗakunan.

Tun kafin a yi nisa, duk bayanin nan na murhu ne mai bututu. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a Kano, Zinder ko Jos ba ya cikin lissafi. Garwashinsa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. Wanda ya sa wa kasko fanka don ɗumi ya zaga gida, gubar ya raba wa kowane ɗaki.

Abin da iska ke yi da kanta

Iskar da murhu ya ɗumama tana yin sama, ta bazu a ƙarƙashin silin. Mai sanyi ta fi nauyi, don haka tana kwanciya a ƙasa tana gangara kamar ruwa zuwa inda ya fi kwari, ko inda ake jan ta. Murhun da ke ci kullum cikin jan ta yake, domin duk iskar da ya ɗaga sama sai wata ta maye gurbinta daga ƙasa. Saboda haka a kowace ƙofa da ke buɗe tsakanin ɗaki mai ɗumi da mai sanyi akwai hanya biyu a lokaci ɗaya: ɗumi na fita ta sama, sanyi na shigowa ta ƙasa, tsakiyar ƙofar kuwa kusan tsit take.

Wannan zirga-zirga ba ƙarama ba ce. Ƙofa mai faɗin santimita 80 da tsawon mita 2, in bambancin ɗakunan biyu digiri 5 ne, tana iya musayar iska kimanin kubik mita 600 a awa ba tare da fanka ba, wato zafin da ya kai kusan kilowat 1. Fanka da aka kafa a tsakiyar ƙofar tana hura ɗumi waje, wannan tsarin take ɓatawa: tana karo da sanyin da ke dawowa, tana cakuɗa iskar biyu a bakin ƙofa, ɗumin da ta tura kuma bai yi mita biyu ba ya sake tashi sama. Wadda aka ajiye a ƙasa tana tura sanyi zuwa murhu kuwa ƙara wa tsarin ƙarfi take yi, don iskar sanyi ba ta barin ƙasa, tana tafiya doguwar tafiya ba ta watse ba.

Ka fara ganin hanyar da idonka

Kada ka kunna komai tukuna. Hura murhu, ka bar shi ya yi awa ɗaya yana ci sosai, ka buɗe ƙofofin ɗakunan da kake so su ɗumama. Yanki takardar tishu siriri, faɗin yatsa biyu, tsawon tafin hannu, ka manna ɗaya da salatif a saman kowace ƙofa, ɗaya kuma a jikin katakon ƙofar kamar santimita 20 daga ƙasa. Ta sama za ta karkata zuwa ɗakin sanyi, ta ƙasa ta karkata zuwa murhu. Turaren tsinke ya fi nuna abin dalla-dalla. Riƙe shi a dokin ƙofa, za ka ga hayaƙin ya kwanta yana bin ƙasa zuwa falo. Ɗaga shi a hankali, wajen tsakiya hayaƙin zai miƙe tsaye yana ɗan rawa, in ka kai sama sai ya juya ya nufi ɗakin kwana. Ƙofar da hayaƙi bai karkata ko'ina ba, nan zirga-zirgar ta tsaya, kuma nan ne ake buƙatar fanka.

Sayi ƙananan ma'aunin zafi uku ko huɗu, masu arha sun isa. Ɗaya a falo, ɗaya a lungun da ya haɗa ɗakuna, ɗaya a ɗakin da ya fi nisa, duk a tsayin ƙirji kuma nesa da taga. Rubuta abin da suka nuna. Jiki ba abin dogaro ba ne a nan, don wanda ya fito daga gaban murhu ko'ina sanyi zai ji.

Fankar ƙasa

Ƙaramar fankar tebur ta isa, mai faɗin santimita 20 zuwa 30, wadda wutar da take ci ba ta wuce wat 20 zuwa 40 ba. Ajiye ta a ƙasa tsirara, ba kan kujera ko teburi ba, a bakin ƙofar ɗakin da ya fi sanyi ko a ƙarshen lungu, fuskarta na kallon inda murhu yake. Kashe juyin da take yi hagu da dama. Sa ta a lamba ɗaya, mafi ƙarancin gudu.

Maganar gudu ita ce inda aka fi kuskure. Mutum ya ga rabin awa ta wuce ba canji sai ya murɗa zuwa lamba uku. Iska mai ƙarfi tana tashi daga ƙasa ta kutsa cikin ɗumin da ke sama ta dagula shi, sannan ta bugi ƙafafun mutanen falo su ji kamar an buɗe taga. Ana son iskar ta yi ta tafiya a hankali ba yankewa. Duba tishun da ke saman ƙofa: in ya ƙara karkata zuwa ɗakin bayan ka kunna fankar, aiki na tafiya. In ya koma kaɗawa gaba da baya, gudun ya yi yawa ko fankar ta yi kusa da tsakiyar ƙofa.

Ba ta awa ɗaya zuwa biyu kafin ka sake duba ma'auni. Ba iska kaɗai ake ɗumamawa ba, har da bango, katifa da kayan ɗaki, kuma ɗakin da ya kwana biyu a rufe zai sha ɗumi mai yawa kafin ma'auni ya ɗaga. Kada ka canza abu biyu a tare. Matsar da fankar yau, canza gudu gobe, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi amfani ba.

In lungun ya yi kwana, fanka ɗaya ba za ta iya ba. Sa ta biyu a kwanar, ta karɓi iskar ta miƙa ta gaba, ita ma a ƙasa. Ta ƙarshe kada ta matso murhu fiye da mita ɗaya da rabi, saboda jikinta da wayarta roba ce, kuma kada ta hura kai tsaye cikin ramin da murhu ke shaƙar iska, don za ta sa wuta ta ci fiye da yadda ka saita. Kwantar da wayar a jikin bango, domin lungu wurin wucewa ne cikin dare. Kwashe takalma, kwandon wanki da duk abin da ya tare ƙasa. Labulen da ya sauka daga saman ƙofa ma, ko na ado ne, yana toshe hanyar ɗumi gaba ɗaya, a ɗaure shi gefe.

Lissafin abin da fanka za ta iya

Iska ba ta ɗaukar zafi da yawa, kuma gara mutum ya san iyakarta kafin ya kashe kuɗi. Lissafin shi ne: yawan iskar da ke wucewa a awa, a kubik mita, sau bambancin digiri tsakanin ɗakunan, sau 0.34. Amsar tana fitowa a wat. Fankar da ke motsa kubik mita 300 a awa, tsakanin falo mai digiri 26 da ɗaki mai 18, tana kai wat 816. Wannan zai riƙe matsakaicin ɗakin kwana mai bango da taga masu riƙe zafi. Amma in bambancin ya ragu zuwa digiri 3, abin da take kaiwa wat 306 ne kawai.

Ma'anar wannan ita ce ɗakin nesa ba zai taɓa kamo falo ba, domin bambancin shi ne ke ɗauke da zafin. Ratar digiri 3 zuwa 5 tsakanin falo da ɗakin kwana sakamako ne mai kyau, kuma da yawa sun fi jin daɗin barci a haka. In ɗakin na zubar da zafi ta tsagar taga ko rufin da ba a yi wa shimfiɗar riƙe zafi ba, to toshe tsagar zai fi ƙarin fanka amfani nesa ba kusa ba. Kwalin fankar da aka sayo a Amurka ko Kanada yakan rubuta ƙarfinta da CFM, wato kubik ƙafa a minti. Ninka lambar sau 1.7 ka samu kubik mita a awa.

Fankar silin

A falo mai dogon silin, ɗumi na taruwa can sama inda ba mai amfana da shi. Yawancin fankokin silin da ake sayarwa a ƙasashen sanyi suna da ƙaramin makunni a jikin injin da ke juya tafiyarsu. Kashe fankar, jira ta tsaya cak, sannan ka tura makunnin. In ka tsaya ƙarƙashinta ka ɗaga kai, farfelar ta riƙa juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, a mafi ƙarancin gudu. A haka tana jan iska sama, ta ture ɗumin zuwa bango ya gangaro, ba tare da ta busa kan kowa ba. In kana jin iska a fuskarka, ba ta juya ba.

Sai dai akwai abin lura. Fankar silin tana gyara falon ne, ba ta aika ɗumi wani ɗaki. A silin na yau da kullum, mai tsawon mita 2.4, tana iya rage abin da ɗakunan ke samu, don ta cakuɗa tarin ɗumin da ke malala ta saman ƙofa. Gwada dare ɗaya da ita, dare ɗaya ba ita, ma'aunin ɗakin nesa ya raba gardama.

Fankar da ake ɗorawa kan murhu

Wannan ita ce ƙaramar fankar alminiyam da ba ta da waya ba ta da batir. Wadda ta fi suna ita ce Ecofan ta kamfanin Caframo da ke Ontariyo a Kanada, amma kasuwa cike take da irinta. Tsakanin gindinta da fikafikan da ke samanta akwai wani ɗan faranti mai samar da lantarki idan fuskarsa ɗaya ta yi zafi ɗayar tana da sanyi, abin da masanin kimiyya Thomas Seebeck ya gano a 1821. Gindin na shan zafin murhu, fikafikan na sama suna hucewa da iskar da farfelar ke jawowa ta cikinsu, bambancin kuma shi ke juya injin.

Daga nan ake gane inda ya kamata ta zauna: can bayan saman murhu, a gefe, inda za ta jawo iska mai ɗan sanyi ta baya ta hura ta bisa ƙarfen mai zafi zuwa cikin ɗaki. Kada a ajiye ta a gaban bututun hayaƙi. A nan iskar da take ja ma zafi gare ta, sama da ƙasa su zama ɗaya, ta yi ta jan jiki, ƙarshe farantin ya ƙone. Yawancinsu suna fara juyawa idan saman murhu ya kai digiri 50 zuwa 70, kuma iyakarsu wajen 345 ne. A ƙarƙashin masu kyau akwai ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa ya ɗaga gindin kaɗan in zafi ya yi yawa, amma kada a dogara da shi. Manna ma'aunin zafi mai maganaɗisu a saman murhu, in ya doshi iyaka ka ɗauke ta ta mariƙinta da safar hannu. Murhun dutse da wasu masu rufi biyu samansu ba ya zafi sosai, su sai nau'in da aka yi don ƙaramin zafi.

Amfaninta gaskiya ne amma ƙarami. Tana tura ɗumi gaba cikin falo maimakon ya miƙe sama, ba ta hayaniya, kuma tana aiki ko an ɗauke wuta, wanda ba ƙaramin abu ba ne a daren guguwar ƙanƙara. Ba za ta kai ɗumi ƙarshen lungu ba, kowane irin hoto aka zana a kwalinta. In ta fara rage gudu, goge ƙurar fikafikan, duba ko farfelar ta lanƙwashe, kuma ka tabbata gindin na zaune daram a kan ƙarfe mai santsi. In duk wannan lafiya, farantin ne ya gaji, ana sayar da madadinsa.

Wasu murhun suna zuwa da fankar lantarki a baya ko a ƙasa, mai kunna kanta idan ƙarfe ya yi zafi. Murhun da aka cusa cikin ramin bango ba ya aiki sosai sai da ita. In taka ta hannu ce, kada ka kunna sai wuta ta kama sosai, minti 20 zuwa 30, don sanyaya murhun da bai gama zafi ba na sa wuta ta yi ta hayaƙi.

Bango, bene da bututun gida

Ɗakin da ke manne da falo amma ƙofarsa na can wani gefe, ana iya huda bangon kusa da silin a sa ƙaramar fanka mai jan ɗumi. Sharaɗin shi ne iskar da ta shiga ta samu mafita. In ƙofar ɗakin a rufe take, fankar za ta yi ta kuka ba abin da ke wucewa, kuma ratar santimita 2 da ke ƙarƙashin ƙofa ba ta isa ba. A yi rami na biyu a ƙasan bangon a rufe da raga, girmansa ya kai na sama ko ya fi.

Bene yakan ɗumama da kansa in matakalar buɗe take, wani lokaci har ya wuce kima. Zauna a matakala za ka ji sanyi na gangarowa ta ƙafafunka. In ana son ƙari, fanka a saman matakala tana hura ƙasa, ita ma a ajiye a daɓe. Huda daɓen bene a sa raga kuwa abu ne da ba mu ba da shawararsa ba sai an tambayi hukumar gine-gine da kamfanin inshora, don ramin da ɗumi zai bi shi hayaƙi da wuta za su bi zuwa kan masu barci ranar gobara. Murhun da aka ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai bangon siminti tsirara kuma, simintin ne ke shanye babban rabo, fanka ba za ta ƙwato shi ba.

Gidajen Amurka da Kanada masu bututun iska a kowane ɗaki suna iya kunna fankar na'urar ɗumi ita kaɗai don ta zaga da iska. Sau da yawa sakamakon ba ya burgewa: iskar digiri 26 da ta bi bututu ta cikin rufi mai sanyi ta huce kafin ta isa, tsofaffin injina kuma na cin wat ɗaruruwa. Dokokin gini a wurare da yawa a can sun hana bakin da ke zuƙar iska ya kusanci murhu ƙasa da mita 3.

Inda haɗarin yake

Bututun hayaƙi yana ja ne da ɗan ƙaramin ƙarfi, kuma duk fankar da ke zuƙe iska daga falo tana kokawa da shi. Wannan wani dalili ne na fifita tura sanyi ciki a kan jan ɗumi waje. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu fitar da iska daga gida ɗungurungum: fankar saman risho a kicin, ta banɗaki da injin busar da kaya. A gidan zamani da aka toshe ko'ina, suna iya juyo da hayaƙi cikin ɗaki, musamman lokacin hura wuta da kuma can cikin dare idan ta koma garwashi, bututu ya huce. Gwada haka: rufe tagogi, kunna su duka, riƙe turaren tsinke a bakin ramin iskar murhu. Hayaƙin turaren ya shige ciki. In ya dawo maka, buɗe taga kaɗan nan take, sannan a nemi gwani ya haɗa wa murhun bututun shaƙar iska daga waje. A Ingila doka ta wajabta ramin iska na dindindin ga murhun da ya haura kilowat 5, a sababbin gidaje ma har ga wanda bai kai ba.

Sa ƙararrawar kabon monoksaid a falo da kuma kusa da ɗakunan kwana, tare da ta hayaƙi, ka duba ranar ƙarewar da ke bayanta don na'urar cikinta na mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da suka kama mutanen gida tare, suka kuma sake su da an fita waje, alama ce da ba a jira da ita.

Kashe dukan fankoki kafin ka buɗe ƙofar murhu don ƙara itace ko kwashe toka, in ba haka ba toka mai laushi za ta bi iska ta sauka har kan gado. Buɗe ƙofar kaɗan tukuna, ƙirga zuwa goma, sannan ka buɗe gaba ɗaya.

Akwai kuma jarabar cika murhu da wuta don ɗakin nesa ya samu. Saman murhun ƙarfe da ya daɗe sama da digiri 370 yana lanƙwasa farantan ciki ya fasa tubalin da aka jera a cikinsa. Akasin haka ma matsala ce: ɗanyen itace ko wutar da aka shaƙe tana tara baƙin danƙo a bututu, shi ne ke kamawa ya zama gobarar bututu. Itacen ya bushe har ruwansa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wanda ke ɗaukar shekara ɗaya ga mai taushi, biyu ga mai tauri. Tsaga guda ka soka ma'aunin danshi a sabuwar fuskar, ba a wajen da ya sha rana ba. A share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo.

Da dare, idan wuta ta mutu falo ya huce ya yi daidai da ɗakuna, fankar ƙasa ba ta kai komai sai iska mai sanyi. Saka ta a soket mai agogo ya kashe ta awa biyu zuwa uku bayan itacen ƙarshe, sannan a ja ƙofar ɗakin kwana ya riƙe ɗumin da ya tara.